Madam Zuwera Ta Tafi Tana Gani

Yau da safe labarin ya same ni, tsintsiya a hannuna.

Ina sharar ƙofar butik ɗina, shagon buga takardu, a Tasawa, ko ordinater, wato kwamfuta, ban kunna ba, sai waya ta yi ƙara. Inna Tambara ce daga Mayahi, ƙanwar Madam Zuwera da suke zaune gida ɗaya. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta ce, "Balki, sai haƙuri. Yaya ta cika bayan sallar asuba."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na zauna a kan dakali. Wani bawan Allah da ya zo karɓar katin sunan ɗansa ya dube ni, ya ɗauki tsintsiyar ya sa ciki, ya ja mini ƙofa, ya hau moto ɗinsa ya tafi. In kana karanta wannan, na gode. Katinka yana nan.

Na yi kuka, har yanzu ina yi. Amma zan faɗa muku gaskiya, a ƙarƙashin kukan akwai wani sanyi da nake ji a raina. Bara war haka, abin da nake roƙon Allah shi ne kada Ya ɗauki matar nan cikin duhu. Kuma bai ɗauke ta cikin duhu ba.

Waɗanda ba su san ta ba, bari in gaya muku ko wace ce.

Ita ta koyar da mu a lakwal ɗin firamare a garin Sarkin Hausa. Ina tuna ranar da ta iso garin a kan amalanken shanu, ta ɗora hannu a kan wani akwatin ƙarfe kamar mai riƙe da jariri kada ya faɗi. Mu yara mun ɗauka kayan ɗaki ne. Ashe littattafai ne.

A cikinsu akwai atalas, babban littafin taswirori mai koren bango na yadi. Ba a taɓa shi sai an wanke hannu an shanya. Takan ajiye buta a ƙofar aji don haka kawai.

In rana ta yi zafi, lissafi ya ƙi shiga, sai ta rufe kaye, wato littafin rubutu, ta ce, "Yau ina za mu?" Mu taru a kanta, yatsanta ne mota. Mu tashi daga Gulbin Kaba, mu bi ta Maraɗi, mu faɗa babban kogi, mu bi shi har inda ya zube cikin teku. Mu da ba mu taɓa ganin ruwan da ya fi tabkin bayan gari ba. Ta nuna mana cewa shuɗin teku ba ɗaya ba ne, inda ya yi duhu nan ne zurfi. Ta nuna mana sunayen garuruwa a tsaye suke, sunayen koguna kuwa a kishingiɗe, suna bin lanƙwasar ruwan. Takan ce wanda ya zana wannan ya yi tunanin idonmu tun ba a haife mu ba.

Wata rana mun nemi Sarkin Hausa a ciki ba mu gani ba. Har wani ya tambaya ko mu ba a san da mu a duniya ba. Ta sa bakin farcenta a kan sunan Mayahi, ta ce muna nan, ɗigon da ke kan harafin ƙarshe ne ya rufe mu. Muka yarda. Na daɗe ina jin cewa garinmu yana zaune ne a inuwar wani ɗigo.

Ni bahaguwa ce. Mushen, wato malamin, da ya riƙe mu kafin ita ya sha bugun hannun nan. Ranar da Madam ta fara tsayawa a kaina ina rubutu, na yi wuf na mayar da bik, wato biro, hannun dama. Ta ce in mayar da shi inda yake. Ta karkata mini kayen don kada hannuna ya riƙa goge tawada, ta ce, "Ki ci da dama, ki rubuta da wanda ya iya."

Daga nan ta laƙaba mini Bahaguwa, kuma da shi take kirana har na kusa yin jikoki.

Ita ta fara nuna mini cewa harufa ma suna da dangi. Ta buɗe littattafai biyu gefe da gefe, ta ce in dubi g ɗin wannan mai ciki biyu, in dubi na wancan mai wutsiya ɗaya. Waɗansu harufan suna da ƴan ƙafafu, waɗansu a guntule suke. Kafin nan ni karatu kawai nake, ban san ana kallon rubutu ba. Sana'ar da nake ci da ita yau, buga katin biki da na suna da takardun mutane, daga wannan ranar ta faro.

Da na buɗe butik, ta hau taksi tun daga Mayahi ta zo gani. Na nuna mata katin aure na farko da na tsara, ina ji da kaina. Ta riƙe shi da nisa, ta riƙe shi kusa. Na sa harufa iri biyar, da furanni, da zobe, da tattabaru. Ta ce na tara su kamar ranar kasuwa, in bar ma takarda wurin numfashi. Sannan ta sa yatsa a wani layi. A lokacin na'urata ba ta da harufan Hausa masu ƙugiya, don haka inda ya kamata a ce ana maraba da baƙi, abin da ya fito shi ne ana maraba da baki.

Ta ce, "Gaskiya ne, baki ne ke zuwa biki. Amma ba a rubutawa."

Ban kwana da daɗi ba sai da na nemo yadda ake sa ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Duk wanda ya taɓa karɓar kati a hannuna ya ga ƙugiya a inda ya dace, Madam zai gode wa.

Ita kanta ba ta taɓa wuce Yamai ba, sai Kano sau ɗaya da ta raka wata mara lafiya. Mijinta ya rasu da wuri, ga ɗa, ga tsohuwa, ga aji. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba. In wani ya dawo daga Kwatano ko Agadas sai ta aika a kira shi, ta ba shi ruwa, ta buɗe atalas, ta yi ta tambaya. Shin hanyar da gaske tana karkata a nan? Ƙasar wurin ja ce ko fara? Mutum ya zo ba da labari ya tashi da gumi.

Bayan ta yi retret, ta ajiye aiki, ta zauna a Mayahi tare da Inna Tambara. A nan ido ya fara.

Da farko cewa take masu buga littattafai na yanzu suna rowar tawada. Sai ta daina karatu in rana ta yi sanyi. Sai wata rana ina zaune ta zuba shayi a gefen kofi, a kan tabarma, ta ci gaba da magana ba ta sani ba. Ni da Inna Tambara muka dubi juna.

Yanar ido ce, ta rufe ido biyu.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba makantar ba ce. Ranar da na je na tarar ta sa an rufe akwatin an tura ƙarƙashin gado, ranar ce na tsorata. Ta daina fita tsakar gida. Ta daina kiran matafiya. Ta rame har zoben hannunta yana zamewa. Na ce bari in riƙa karanta mata taswirar ina faɗa mata sunaye. Ta ce a'a, taswira ba labari ba ce da za a ba mutum. Littafi ɗaya kawai ta bari a kusa da ita, wani tsohon bugu wanda harufansa suka nutse cikin takarda. Takan shafa shafin da yatsa, ba don ta karanta ba.

Kowa ya ce a yi mata aiki. Ɗanta Sanusi da ke aiki a Damagaram ya roƙa a waya, ya zo da kansa ya roƙa. Na roƙa. Ta ƙi.

Sai da na matsa mata ta gaya mini dalili. Mahaifinta ya yi yana. Wani mai magani ya zo kasuwa ya ce zai cire, ya sa masa wani abu kamar allura. Tsohon ya ga haske na ƴan kwanaki, daga nan idon ya kumbura, ya yi ta ciwo, ya mutu gaba ɗaya. Tana yarinya, ita ce ta riƙa ja masa sanda har ya bar duniya. Ta ce mini, "Bahaguwa, yanzu ina gane inda ƙofa take, ina gane rana ta hito. Wanga ɗan hasken shi ya rage mini. Ba ni ba da shi a yi caca da shi."

Na yi mata bayani cewa aikin asibiti daban, na mai allurar kasuwa daban. Ta ce ta sani, kanta ya sani, amma jikinta bai yarda ba.

Haka muka ci damina guda da rani guda. Duk lokacin da waya ta yi ƙara daga Mayahi sai gabana ya faɗi. Ba mutuwarta nake tsoro ba, kowa zai mutu. Tsorona shi ne matar da ta koya mana kallo ta ƙare tana lalube a bango.

Abin da ya sauya ranta, har yau muna gardama ni da Inna Tambara.

Ita ta ce maƙwabciyarsu ce, wata tsohuwa mai fura da aka yi wa aikin a Maraɗi. Ta shigo gaisuwa, ta dubi Madam ta ce mata ta ɗaura zaninta a bai-bai. Nan Madam ta gane idon tsohuwar da gaske ya buɗe.

Ni kuma na fi son in ce taswirar ce. Wani mai aikin haƙar rijiyoyi ya zo butik yin fotokopi, sai na ga yana ɗauke da wata babbar taswira ta yankinmu kaɗai, mai launi, kowane ƙauye da sunansa. Ga Bawdeta, ga Tasawa, ga Sarkin Hausa a rubuce ƙuru-ƙuru, ba a ƙarƙashin ɗigon kowa ba. Na roƙe shi, ya ce yana da wata, in riƙe. Na kai mata, na kama yatsanta na ɗora a wurin. Takardar sumul take, ba abin da za ta ji. Ta tambaye ni wane irin harafi ne, mai ƙafa ko guntu, baƙi ko ruwan ƙasa, sunan yana sama da alamar garin ko gefenta. Na yi ta kame-kame. Ta janye hannunta ta ce ni tun ina ƙarama ban iya bayani ba.

Ko ma wanne ne, bayan ƴan kwanaki Inna Tambara ta kira ta ce Yaya ta ce a kai ta.

Amma da sharaɗi. A fara da idon hagu, wanda ya riga ya mutu. Na dama, mai ganin ƙofa, kada a taɓa shi.

Mun je Maraɗi ni da ita da Sanusi. Ranar farko aka auna tansiyo ɗinta aka ce jininta ya hau, ba za a yi ba sai ya sauka. Ta ce mun gani, Allah bai nufa ba, a nemo mota mu koma gida. Sanusi ya fita waje, na ga yana share ido da hularsa. Ni na ce mata ba ni da ƙarfin komawa yau, ƙafata na ciwo, mu sauka gidan ƴar'uwata mu huta. Ta san ba ƙafa ba ce. Amma ta bi ni.

Tansiyon ya sauka. Aka yi.

Lokacin da suka shiga da ita, hannuna ta riƙe har ƙofa, tana karanta duk addu'ar da ta sani. Na zauna a benci ina tunanin in abin ya lalace, ni ce na kawo ta, da wane ido zan dube ta, ita kuma ba ta da idon da za ta dube ni.

Washegari da safe likita ya ɓare bandejin a hankali. Ta lumshe, ta buɗe, ta sake lumshewa. Ruwa yana zuba daga idon. Ta juyo wajena ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Bahaguwa, kin tsufa."

Wallahi ban taɓa jin daɗin magana kamar wannan ba. Na durƙusa a gaban gadon ina dariya ina kuka. Sanusi ya yi sujada a kan simintin nan. Ita kuwa ta riga ta wuce mu, tana kallon wata sanarwa da aka manna a bango. Ta tambayi likita wa ya rubuta, ta ce ya matse harufan kamar an loda su a motar kasuwa. Likitan ya ce tabbas wannan aiki ya yi kyau.

Da muka koma Mayahi, ko gyale ba ta cire ba ta ce a jawo akwati. Da muka ja shi sai muka ga gindin ya yi tsatsa, ga ƙasar gara a jikinsa. Muka buɗe. Gara ta shiga, ta cinye rabin wani littafin nahawun Faransanci da ke can ƙasa. Madam ta ɗaga shi ta duba ta ce dama ba ta taɓa son shi ba, shafukansa kamar bangon kurkuku. Atalas kuwa yana sama, naɗe cikin tsohon zaninta, ko ƙura bai yi ba.

Sai ta ce a kawo buta.

Bayan ta wanke hannu ta shanya, na shimfiɗa mata taswirar mai rijiyoyi. Ba ta bari na nuna mata ba. Ta bi gulbi da yatsa har ta samu da kanta. Ta daɗe a wurin. Abin da ta ce kawai shi ne sun zaɓi harafi mai kyau.

Allah Ya ba ta damina guda da kaka guda tana gani. Ta ga fuskar jikanyarta da aka haifa tana cikin duhu. Ta sa aka kai ta Sarkin Hausa a amalanke don ta ga gero ya fid da kai. Ta koma karatun Alƙur'aninta na rubutun hannu wanda ta gada, mai jan wasali da ɗigon rawaya, wanda take cewa duk littattafanta babu mai kyansa. Ta mayar da jiki. Ta koma kiran matafiya tana sa su gumi. Har ta fara cewa bayan an gama ɗaurin hatsi za ta ba da idon dama ma.

Ganina da ita na ƙarshe, satin da ya wuce ne. Na same ta a gindin bedin tsakar gida, sanye da sabon gilashinta, atalas a cinya. Ko zama ban gama yi ba ta ce, "Yau ina za mu?"

Rabon da in ji tambayar nan daga bakinta tun ina ƴar lakwal.

Na ce Makka. Ban yi tunani ba, ya fito ne kawai, sai kuma na ji kunya don Allah bai nufe ta da zuwa ba. Ita ko a jikinta. Ta ce to, amma ba jirgi, da ƙafa za mu kamar kakanni. Muka tashi daga Mayahi, muka bi Tasawa da Damagaram, muka kewaya tafkin Cadi. Wasu garuruwan sunayensu na da ne a atalas ɗin, tana gyara mini su da baki. A tsakiyar Sudan ta tsayar da yatsa. Ta ce wan kakarta ya bi hanyar nan da sandarsa da gorarsa bai dawo ba, wataƙila a nan wani wuri yake kwance. Muka yi masa fatiha. Muka ci gaba, muka wuce inda koguna biyu suka haɗu, har muka kai bakin Bahar Maliya.

Sai aka kira la'asar.

Ta rufe littafin a hankali ta ce, "Mu yada zango nan. In kin komo mu ƙetare."

Ta raka ni har ƙofar gida, ba sanda, ba mai riƙe ta. Ta ce in gaida yara, kuma in daina sa tattabaru a katin mutane.

Inna Tambara ta ce jiya da yamma ta yi karatunta da idonta har haske ya ƙare. Yau ta tashi da kanta ta yi alwala, ta yi sallah, ta ce ƙirjinta ya ɗan yi nauyi, a dama mata kunu. Kafin kunun ya zo ta jingina da bango a kan sallayarta, ta yi shahada, ta tafi. Ba jinya, ba kwanciya, ba wanda ya juya ta.

Ina rubuta wannan ne a tsakar gidanta. Maza sun dawo daga maƙabarta. Ɗalibanta suna ta shigowa, wasu da furfura, wasu daga ƙauyukan da sai a moto ake zuwa. Ɗazu tsohuwar nan mai fura ta zauna kusa da ni ta ce mu gode wa Allah, ita ta ga matar nan kwance cikin likkafani, fuskarta kamar mai barci bayan ta gama aikinta.

Abu ɗaya nake roƙonku bayan addu'a. In kuna da tsoho ko tsohuwa a gida da yana ta rufe wa ido, kuma tsoro ya hana su zuwa asibiti, kada ku yi musu faɗa. Ku zauna ku tambaye su me suke tsoro, akwai dalili. Sannan kada ku gaji.

Ya Allah, baiwarKa Zuwera ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata mata makwanci, Ka sauƙaƙa mata tambaya. Duk yaron da ta koya wa harafi, Ka sa ladan ya riƙa isa gare ta. Ka ba Sanusi da Inna Tambara haƙurin rashinta. Ka saka wa likitan da ya yi mata aiki da alheri, shi da iyayensa. In tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Duk wanda ya karanta har ya kawo nan, ko ka san ta ko ba ka san ta ba, don Allah ka ajiye waya ka karanta mata Ƙulhuwallahu kafin ka wuce.